Dalilin Maimaici a Waƙar Iliyad ta Tsoffin Girkawa

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan takarda shi ne wata tambaya da ɗalibai suka sha yi mana a duk lokacin da muka sa su karanta wani yanki na waƙar Iliyad a cikin fassara. Tambayar kuwa ita ce, in har wannan waƙa ce Turawa ke ɗauka a matsayin tushen adabinsu, me ya sa mawaƙin yake ta nanata magana kamar wanda kalmomi suka ƙare wa? Da wuya ya ambaci sunan jarumi bai liƙa masa laƙabin da ya riga ya liƙa masa sau goma a baya ba. In sarki ya ba manzo saƙo, sai mu ji saƙon daga bakin sarki, sa'an nan mu sake jin sa daga bakin manzo. Wani ɗalibi har cewa ya yi, da shi ne ya rubuta insha'i haka, da jan biro ya cika masa takarda.

Wannan tambaya ba ta raini ba ce, domin masana a Turai sun shafe fiye da shekara ɗari suna kai-kawo a kanta. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, maimaicin nan kayan aikin mawaƙin baka ne, wanda ke shirya waƙa a lokacin da yake rera ta, kuma duk wanda ya karanta Iliyad da ma'aunin rubutaccen adabi kaɗai zai ga aibi a inda gwaninta take.

Waƙar da labarinta

Girkawa, waɗanda littattafan Larabci ke kira Yunanawa, sun jingina manyan waƙoƙin jarumta guda biyu ga wani mawaƙi mai suna Homa. Ta farko ita ce Iliyad, mai layi 15,693, ta biyu kuwa Odisi, mai layi dubu goma sha biyu da 'yan kai. Kowace an kasa ta kashi 24. Yawancin masana sun tafi a kan cewa an shirya su tsakanin ƙarni na 8 da na 7 kafin Miladiyya.

Mutane da yawa na zaton Iliyad tarihin yaƙin Turoyi ne tun daga farko har ƙarshe. Ba haka ba ne. Sace Helen, matar sarki Menelawus, wanda Faris ɗan sarkin Turoyi ya yi, ya riga ya wuce kafin waƙar ta fara. Dabarar dokin katako da aka ci birnin da ita, da mutuwar Akilis, duk suna bayan ƙarshenta. Daga cikin shekara goma na yaƙin, mawaƙin ya yanki kwana hamsin da 'yan kai ne kawai a shekarar ƙarshe, kuma kalmar da ya buɗe waƙar da ita ita ce fushi.

Ga yadda abin ya faru. Agamemnon, shugaban rundunar Girkawa, ya ƙi karɓar fansar wata ƙwarƙwararsa, 'yar wani mai hidimar Afolo, ɗaya daga cikin allolin da Girkawa ke bauta wa. Afolo ya saukar da annoba a sansani har kwana tara. Da aka tilasta wa Agamemnon ya mai da yarinyar, sai ya huce a kan Akilis, babban jarumin rundunar, ya ƙwace tasa ƙwarƙwarar mai suna Birisis. Akilis ya ga an ci masa mutunci a bainar jama'a, ya janye daga yaƙi, ya kuma sa uwarsa Tetis ta roƙi Ziyus, babban allahnsu, ya ba mutanen Turoyi galaba. Hekta, ɗan sarki Firiyam, ya kori Girkawa har bakin jiragensu. Fatrokulus, aminin Akilis, ya ari kayan yaƙinsa ya fita, Hekta ya kashe shi. Daga nan fushin Akilis ya koma kan Hekta, ya kashe shi, ya ɗaura gawarsa a bayan keken doki yana jan ta a ƙasa. A kashi na 24 tsoho Firiyam ya shiga sansanin abokan gaba da dare ya roƙi gawar ɗansa.

Karin waƙar

Ba za a fahimci dalilin maimaici ba sai an san irin ƙangin da kari ya sa mawaƙin a ciki. A nan Bahaushe ya fi mai jin Ingilishi sa'a, domin karin waƙar Girkanci, kamar na Larabci da na rubutacciyar waƙar Hausa, a kan nauyin gaɓa aka gina shi. Gaɓa mai dogon wasali, ko wadda baƙi ya rufe ta, mai nauyi ce, mai gajeren wasali a buɗe kuwa marar nauyi ce. Duk wanda ya taɓa ilmin aruli ya san wannan.

Kowane layi na Iliyad ƙafa shida gare shi. Ƙafa kuwa iri biyu ce. Akwai mai gaɓa uku, ɗaya mai nauyi da biyu marasa nauyi, irin yadda muke furta Zariya ko Sakkwato. Akwai kuma mai gaɓa biyu masu nauyi, irin yadda muke furta doki. Ƙafa ta biyar galibi mai gaɓa uku ce, ta shida kuwa kullum gaɓa biyu ce. Saboda haka layi yakan ɗauki gaɓa 12 zuwa 17, kuma akwai wuraren da aka saba yanke numfashi a cikinsa, musamman a ƙafa ta uku. Babu amsa-amo, babu amshi, babu baitoci. Layi ne ke bin layi har dubu goma sha biyar. To, a ƙaddara mutum yana gaban jama'a da molonsa, ba takarda ba alƙalami, ana so ya riƙa fito da irin waɗannan layuka ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya tsaya neman kalma ba. Yaya zai yi?

Daga Wolf zuwa Parry

A shekarar 1795 wani masani Bajamushe, Friedrich August Wolf, ya wallafa littafi inda ya ce a zamanin Homa rubutu bai yaɗu ba, don haka waƙoƙin gajeru ne da aka riƙe da ka, daga baya aka harhaɗa su. Wannan ya raba masana gida biyu. Wasu suka duƙufa suna tsattsaga waƙar, suna cewa wannan yanki na asali ne, wancan ƙari ne, kuma maimaici na cikin manyan hujjojinsu. Wasu suka ce tsarin waƙar ya nuna aikin mutum ɗaya ne. Dukansu kuwa marubuci suke nema, mai zama da alƙalami.

Wanda ya sauya tambayar shi ne Milman Parry, Ba'amurke, a kundin digirinsa da ya gabatar a Faris ta Faransa a 1928. Maimakon ya tambayi wa ya rubuta, sai ya tambayi mene ne aikin laƙabi a cikin layi. Ya bi sunayen jarumai da alloli ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa, sai ya gano abu biyu. Na farko, kowane babban jarumi yana da jerin laƙabai masu tsawo daban-daban, kowanne ya dace da wani gurbi a layi. In abin da ya rage a layi ƙafa biyu ne, akwai gajeren laƙabin da ake haɗawa da sunan Akilis ya cike gurbin. In gurbin ya ɗan fi haka, sai a kawo laƙabinsa na saurin ƙafa. In rabin layi ne gaba ɗaya, akwai wani dogo da ke jira. Na biyu, kuma shi ne abin mamaki, da wuya a sami laƙabi biyu na mutum ɗaya masu awo iri ɗaya da ke cike gurbi ɗaya. Watau babu almubazzaranci a tsarin. Parry ya ce irin wannan tsari mai faɗi da tsimi ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai dai a ce mawaƙa ne suka yi ta gadon sa suna tacewa shekara da shekaru. Irin wannan gungun kalmomi da ake kawowa a gurbi ɗaya don faɗin ma'ana ɗaya shi za mu kira zaunannen furuci. An ƙiyasta cewa wajen sulusin layukan waƙoƙin biyu maimaici ne, ko dai layin dukansa ko wani yanki nasa. Layin da ke faɗin ketowar alfijir ya zo wajen sau ashirin a Odisi kaɗai.

Wannan ya warware wasu abubuwa da suka daɗe suna ɗaure wa masu sharhi kai. Ana kiran Akilis mai saurin ƙafa alhali yana zaune a tantinsa. Ana kiran jirage masu gudu alhali suna kife a gaɓar teku shekara tara. A farkon Odisi ma an kira Egistus da laƙabin da aka saba fassarawa da marar aibi, a daidai wurin da ake ba da labarin yadda ya ƙwace matar Agamemnon ya kuma kashe shi. Mu da muka saba da kirarin sarauta bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, domin kirari kujera yake bi, kuma maroƙi zai yi wa basarake kirarin mazan jiya ko da bai taɓa jin ƙarar kibiya ba. Bambancin kawai shi ne, a Girkanci awon layi ne ke zaɓen laƙabin da za a kawo.

Harshen waƙar ma shaida ne. Ba a taɓa samun garin da ake magana da shi ba, gauraye ne na karin harshen Iyoniya da na Ayoliya da tsoffin kalmomi. Akwai wani sauti mai kama da wa namu, wanda ya riga ya faɗi daga bakin mutanen Iyoniya, amma a wurare da yawa layi ba ya daidaita sai an ƙaddara yana nan. Kalmar sarki, alal misali, a rubuce anaks ce, amma kari yana neman wanaks. Da Michael Ventris ya warware rubutun allunan yumɓu na zamanin Maisini a 1952, sai ga kalmar da wa ɗinta a farko. Haka nan kayan da ake ambata. A kashi na 10 an siffanta wani kwalkwali da aka jera wa haƙoran gadu, irin wanda aka tono a kaburburan zamanin Maisini, wanda kuma aka daina amfani da shi ɗaruruwan shekaru kafin Homa. Makaman jarumai na tagulla ne, amma mawaƙin ya san baƙin ƙarfe sarai. Daular Maisini ta rushe wajen 1200 kafin Miladiyya, rubutu ya ɓace wa Girkawa kusan shekara ɗari huɗu, har suka aro baƙaƙen Finiƙiyawa. Duk abin da ya tsallako wannan rata a cikin waƙa, a baki ya tsallako.

Mawaƙa masu rai

Hujjar Parry ta farko daga takarda ta fito, saboda haka ya so ya ga abin da idonsa. Tsakanin 1933 da 1935 ya yi ta zuwa ƙasar da a lokacin ake kira Yugoslabiya, inda akwai mawaƙan jarumta da ba su iya karatu ba, masu rera dogayen waƙoƙi a gidajen shan gahawa, suna kaɗa wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake kira gusle, ɗan'uwan gogenmu. Ɗalibinsa Albert Lord ya taimaka masa. Sun yi amfani da na'ura mai faifai biyu, in ɗaya ya cika sai ɗaya ya ɗauka, don kada a katse mawaƙi.

Abin da suka gani shi ne, mawaƙi zai rantse cewa yadda ya ji waƙa haka yake rera ta, kalma da kalma, amma in aka gwada ɗauka biyu sai a tarar labarin ɗaya ne, layukan kuwa sun bambanta. Ashe ba haddar waƙa yake yi ba, harshen waƙa ya koya tun yana yaro, da zaunannun furucinsa da hanyoyin ƙera sababbi a kan awon tsoffi. Gwaninsu shi ne Avdo Mededovic, wani Musulmi daga yankin Bijelo Polje a Montenegro, wanda a 1935 ya yi shiftar waƙar auren wani jarumi mai layi fiye da dubu goma sha biyu, watau tsawon Odisi. An taɓa sa shi ya saurari wata waƙa da bai sani ba daga bakin wani mawaƙi, mai layi dubu biyu da 'yan kai, da aka ce ya maimaita sai ya kawo ta kusan ninki uku, ya ƙawata ta da siffanta dawaki da tufafi da zantuttukan jarumai. Parry ya rasu a ƙarshen 1935 yana da shekara 33, Lord ne ya ci gaba da aikin har ya fitar da littafinsa The Singer of Tales a 1960.

Homa da kansa ya nuna mana irin waɗannan mawaƙa. A Odisi akwai Demodokus, makaho, mawaƙin fadar sarki Alkinus, wanda ake zaunar da shi a tsakiyar masu liyafa, a rataye masa molonsa inda hannunsa zai kai, a ce masa ya kama labari daga wuri kaza. Akwai kuma Femiyus na Itaka, wanda aka tilasta wa yi wa maneman matar Odisiyus waƙa.

A nan ya kamata mu yi hattara. Bayan littafin Lord an yi ta ɗaukar wannan ra'i ana ɗora wa kowace waƙar baka a duniya, kamar dai duk mawaƙin da ba ya rubutu a fage yake shirya waƙarsa. Ruth Finnegan ta soki wannan a 1977, ta kawo misalin mawaƙan Somaliya masu shirya waƙa a keɓe, a haddace ta, sa'an nan a rera. Mu ma mun san akwai tazara tsakanin Mamman Shata, wanda ya shahara da ƙaga waƙa nan take, da makaɗan fada masu zama da 'yan amshinsu su gyara waƙa kafin su kai ta gaban sarki. Bugu da ƙari, waƙoƙinmu na fada yabo ne da zuga da habaici, ba labari mai layi dubbai ba. Saboda haka kamar da ke tsakani ta kayan aiki ce, ba ta nau'i ba.

Saura tambaya mai wuya: in waƙar ta baka ce, yaya aka yi ta shiga takarda? Lord ya ce shifta Homa ya yi wa wani mai rubutu, kuma jinkirin shifta ne ya ba shi sararin faɗaɗawa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, tun da Aliyu Namangi makaho ne, wasu ne suka rubuta masa Imfiraji. Wasu masana sun ce mawaƙin da kansa ya koyi sabon rubutun, wasu kuma sun ce a hankali waƙar ta daskare, musamman ta hanyar karanta ta a bikin Fanatinaya na birnin Atina tun ƙarni na 6 kafin Miladiyya. Abin da ya tabbata shi ne malaman ɗakin karatu na Iskandariyya, irin su Zenodotus da Aristarkus, sun tace matanin a ƙarni na 3 da na 2 kafin Miladiyya, an fara buga shi a Fulorans a 1488, Sulaiman al-Bustani kuma ya fitar da fassararsa ta Larabci a Alƙahira a 1904.

Gwaninta a cikin ƙangi

Akwai waɗanda suka ji tsoron cewa Parry ya mai da Homa magini mai jera tubalan da wasu suka buga. A ganinmu wannan tsoro bai da tushe, kuma hujjarmu tana cikin waƙar. Ban da zaunannen furuci akwai abin da za mu kira zaunannen fage, watau al'amarin da ke dawowa da tsari ɗaya, kamar yanka da liyafa, ko karɓar baƙo, ko ɗaura kayan yaƙi. Masu sauraro sun san tsarin, don haka ɗan kaucewa kaɗan magana ce.

Sau huɗu aka siffanta ɗaura kayan yaƙi a cike, kuma jerin bai sauya ba: makarin ƙwauri, sulke, takobi, garkuwa, kwalkwali, mashi. A kashi na 3 Faris ne, sai mawaƙin ya sako cewa sulken aro ne daga ɗan'uwansa, wanda ya isa ya nuna mana irin mayaƙin da yake. A kashi na 11 Agamemnon ne, aka tsaya ana ƙirga adon sulkensa da na garkuwarsa. A kashi na 16 Fatrokulus ya sa kayan Akilis ɗaya bayan ɗaya, da aka zo kan mashi sai aka ce bai ɗauki na Akilis ba, domin babu mai iya wurga shi sai mai shi. Mai sauraron da ya san jerin, a nan gabansa zai faɗi, ya san wannan mai kayan aro ba zai dawo ba. A kashi na 19 Akilis ya sa sababbin kayansa, ya zaro wannan mashin da aka bari.

Batun saƙon da ɗalibanmu suka yi kuka da shi ma haka ne. A kashi na 9 Agamemnon ya lissafa abin da zai ba Akilis don ya huce: zinariya, da tukwane, da dawaki goma sha biyu, da mata bakwai, da Birisis kanta, da auren ɗaya daga cikin 'ya'yansa uku ba tare da sadaki ba, da garuruwa bakwai. Ya rufe da cewa Akilis ya sunkuyar da kai, domin shi ya fi shi sarauta da shekaru. Odisiyus ya je ya maimaita jerin kusan kalma da kalma, amma da ya zo kan wannan magana ta ƙarshe sai ya haɗiye ta, ya sa roƙo a madadinta. Ba don an maimaita sauran daidai ba, da ba mu lura da abin da aka bari ba. Akilis kuwa, ko da yake bai ji ta ba, ya fara amsarsa da nuna ƙyamar mutumin da ke ɓoye wani abu a zuci ya faɗi wani a baki.

Wani fagen da ke yawan dawowa shi ne na cin abinci: a yanka, a feɗe, a tsire nama, a gasa, a raba, a miƙa hannu. Tun kashi na 1 muke jin sa har kunne ya saba. Amma a kashi na 19 Akilis ya ƙi ci ya ƙi sha saboda baƙin cikin amininsa, Firiyam kuma tun da aka kashe Hekta bai sa komai a baki ba, bai runtsa ba. A kashi na 24, bayan tsohon ya durƙusa ya sumbaci hannun da ya kashe masa 'ya'ya, ya tuna wa Akilis da nasa uban, su biyu suka yi kuka, kowa da wanda yake yi wa. Sa'an nan Akilis ya sa aka wanke gawar, shi da kansa ya ɗora ta a kan makara, ya ce wa tsohon su ci abinci. Aka yanka farar tunkiya, sai ga layukan nan da muka saba ji, na tsire nama da rabawa da miƙa hannu, ba a sauya su ba, sai dai masu miƙa hannun yanzu uban wanda aka kashe ne da wanda ya kashe shi.

Firiyam ya nemi kwana tara na makoki, na goma a yi jana'iza, na sha ɗaya a tara kabari, na sha biyu a koma yaƙi, Akilis ya amince. Waƙar ta ƙare da jana'izar Hekta, kuma kalmarta ta ƙarshe laƙabi ce, wanda ake yi wa Hekta da mutanen birninsa tun suna da garken da za su kula da shi, watau mai horar da dawaki.